Ni Na Ce wa Ilu Ya Shiga Tankin

Watanmu uku a Jidda, ni da Ilu, ba mu san inda za mu sa kanmu ba. Umara ta kawo mu a farkon shekarun tamanin, muka yi ibadarmu muka gama, sai muka ƙi komawa gida, kamar yadda mutanenmu da yawa suke yi a lokacin. Ilu ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma sa'ana. A ƙauyenmu na ƙasar Gumel sana'ar gidanmu yasar rijiya ce. Ni nake shiga ciki, shi yake riƙe igiya a sama, shekara da shekaru muna haka bai taɓa sakina ba. Gwaggo ba ta so ya biyo ni ba, ni na dage, na ce yadda na tafi da shi haka zan dawo mata da shi. Wannan maganar ita ce ban cika ba, kuma ita ta sa nake ba da labarin nan.

Zangonmu na farko unguwar Bani Malik. A nan muka haɗu da wani mutum mai farar jallabiya fes, baki kamar zuma, ya ce ya san wani kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya mana ya yi mana iƙama, wato takardar izinin zama. Ya karɓi fasfunanmu biyu, ya ce mu jira shi a bakin wani shagon shayi bayan la'asar. Kwana tara muna zuwa shagon nan. A rana ta tara Ilu ya ce mai yiwuwa ba la'asar ɗin bana mutumin yake nufi ba, mu tashi. Ni haushi kamar in fashe, shi kuwa dariya yake yi har da riƙe ciki. Haka halinsa yake, ko a gidan makoki ka zaunar da shi sai ya samo abin da zai sa ka murmusa.

Daga nan muka zama cikakkun takari, babu fasfo babu iƙama. Mun wanke motoci, mun ɗauki siminti, mun koyi gudu. Da an ce ga motar jawazat, masu kamen marasa takarda, sai ka ga dattijo mai gemu ya tsallake katanga ba ko waiwaye. Kewar gida kuwa ba a magana. Ni fura nake mafarki, ta gero mai yaji, wadda aka dama da nonon safe. Ilu ya bar matarsa Dije da ciki, kullum lissafin watanni yake yi da yatsu, yana cewa in namiji ne ba zai sa masa sunana ba don kada yaron ya tashi da girman kai.

Zango na biyu unguwar Waziriyya. Wani ɗaki muka samu a bayan gidan Hajiya Batula, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Abinci take sayarwa a ƙofar gida, wake da burodi da safe, tuwo da rana. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana yi tana tsoma Larabci, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Ranar da muka zo ta dube mu sama da ƙasa ta ce mun yi kama da kajin da ruwa ya doka, ta zuba mana tuwo ba ta tambayi komai ba. Ita ce ta haɗa mu da ɗan ƙanwarta Usman, wanda yake shugaban leburori a wurin wani ɗan kwangila. Da ya ji sana'armu ta gida sai ya gyara zama. Ya ce yana neman mutanen da ba sa tsoron rami mai duhu.

Wurin aikin tashar ɗanyen mai ce a bakin teku, kudu da gari. Man nan ba a Jidda ake haƙo shi ba. Usman ya ce daga rijiyoyin da ke cikin teku yake, can gabashin ƙasar, jiragen ruwa ke kewayowa da shi. Jirgi zai tsaya a ruwa mai zurfi, a jona masa bututu, man ya taho tudu ya shiga tankuna. Tankin nan ɗaya ya fi filin kasuwar ƙauyenmu faɗi. A ciki ake barin man ya kwanta, ruwan gishirin da ya biyo shi ya sauka ƙasa a tsiyaye shi, sannan a tura man matata. Amma ba ruwa kaɗai yake sauka ba. Akwai wani baƙin dagwalo mai kauri, yashi da tsatsa da daskararren mai, da yake taruwa a gindin tanki har ya kai gwiwa. In ya yi yawa sai a kwashe man, a buɗe wata zagayayyar ƙofa a gefen tankin, daidai faɗin kafaɗar mutum, a sa leburori su shiga da shebur da bokiti. Da na gani na ce wa Ilu ai wannan yasar rijiya ce, sai dai rijiyar a kwance take. A bayan motar ɗan kwangila muke shiga tashar, kowa da katin da ke ɗauke da sunan wani.

Ƙa'idar wurin ita ce, in an buɗe tanki sai an kafa masa fanka ta yi kwanaki tana hura iska, sannan mai gwaji ya zo da na'urarsa ya auna, ya sa hannu a takarda, kafin kowa ya sa ƙafa. Dalili kuwa dagwalon nan yana fitar da wata muguwar iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mai gwajin wani Ba'indiye ne mai furfura, muna ce masa Injiniya. Mutum ne mai sanyin hali, in yana shan shayi sai ya miƙo maka rabin kofin. Matsalarsa ɗaya, shi kaɗai ne kuma tankuna da yawa, sai a yi rabin yini ana zaune ana jiransa, wakilin ɗan kwangila yana zagaye yana huci.

A gida, kafin in shiga rijiya, fitilar ƙwai muke zurawa. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau, sai mu ɗaure ganye a igiya mu yi ta zurawa muna jawowa har iska ta canja. A tashar mai kuwa ko ashana aka gani a aljihunka ka bar aiki ke nan. To fitila ta tafi, sai hanci ya rage, kuma ni Allah Ya ba ni hanci. Wata rana muna jiran Injiniya na leƙa ƙofar wani tanki na shaƙa, na ce wannan bai yi ba tukuna. Ya zo ya auna, haka ne. Bayan kwana biyu na leƙa na ce yanzu ya yi. Ya auna, haka ne. Abu kamar wasa, sau biyar, sau shida, ban kuskure ba. Leburori suka sa mini Mai Hanci. Usman ya fara tura mutane ciki a kan maganata, in Injiniya ya zo daga baya sai a ce masa yanzu aka shiga. Ba a daɗe ba aka ba ni farar hular kwano, aka ce na daina shiga, aikina in tsaya a ƙofa ina lura. Wallahi kaina ya kumbura. Har tafiyata ta canja, Ilu yana bina a baya yana kwaikwayona, leburori suna faɗuwa don dariya.

Injiniya ba wawa ba ne, ya gane abin da ake yi. Ya kira ni gefe, ya sa Usman ya yi mana tafinta. Bai yi faɗa ba. Ya ce hancina mai kyau ne, ya yarda, amma akwai abin da ban sani ba.

"Iskar nan hanci take fara kashewa," in ji shi ta bakin Usman. "In kaɗan ce za ka ji warinta. In ta yi yawa, za ka ji sau ɗaya, sai warin ya ɓace. Ranar da ka ji ya ɓace farat ɗaya, ka gudu."

Na ce wa Usman ya gaya masa kakana ya yashe rijiyoyin da shi bai san adadinsu ba, babu na'ura, kuma a kan tabarmarsa ya rasu. Usman bai fassara duka ba, na gani a fuskarsa. Injiniya ya girgiza kai kawai ya ɗauki jakarsa. Tir da wannan bakin nawa. Mutum ya ba ni ilimi kyauta, na mayar masa da kirarin kaka.

Mun fi shekara a wannan aikin. A tsakani wasiƙa ta zo cewa Dije ta haifi namiji, kuma duk da cika bakin Ilu, sunana aka sa wa yaron, don shi ya aika da hakan a ɓoye. Da na ji sai na ce masa ai dole bawa ya girmama ubangidansa, irin wasanmu na taubasai. Ya ce a'a, ya sa ne don ya samu Salen da zai riƙa aika.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, zafi kamar a gasa mutum. Wani jirgi ya iso da wuri, ana son tankin da muke kai a gama shi a rufe. Fankar ta tsaya tun jiya, injinta ya lalace, ba wanda ya gyara. Injiniya yana can bakin ruwa wajen jirgin. Wakilin ɗan kwangila sai yalla, yalla yake yi, wato a yi sauri, yana buga agogon hannunsa. Usman ya dube ni ya ce, "Malam Sale, me hanci ya ce?"

Na durƙusa na zura kaina. Wari ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Na sake shaƙa, babu komai. Na shaƙa na uku, iska fes kamar ta bayan gari. Kaina ya ɗan juya, na ce zafin rana ne. A nan ne wurin da nake so in yi ƙarya in ce na manta da maganar Injiniya, amma ban manta ba. Ta faɗo mini a rai a daidai lokacin, kalma bayan kalma. Sai dai mutum goma sha wani abu suna tsaye a bayana suna jira, ga farar hula a kaina, ga wakilin yana kallona. In na ce ban sani ba, a jira na'ura, to mene ne amfanin Mai Hanci? Na miƙe na kakkaɓe gwiwata na ce babu komai, a shiga.

Ilu ne a gaba, don kullum shi yake fara shiga. Shi kaɗai ne a cikin leburorin yake ɗaura igiya a ƙugu, al'adarmu ta gida, sauran har tsokanarsa suke yi wai akuya. Ya miƙo mini bakin igiyar ya ce, "Riƙe da kyau, mai hula. Ni dai ban taɓa sakinka ba."

Ya sunkuya ya shige. Ina jin takunsa a cikin dagwalo, ina sakar masa igiya. Na ji ya kafa shebur sau ɗaya. Sai igiyar ta yi sako-sako a hannuna, sannan ta yi nauyi. Wanda ya yi aikin rijiya ya san wannan nauyin, ba sai an gaya masa ba. Na kira sunansa, shiru. Mutum biyu suka yunƙura za su faɗa ciki, Usman ya tare ƙofar da jikinsa yana zaginsu da Larabci, kuma da bai yi haka ba da gawa uku za a fitar. Na kafa ƙafa a jikin tankin na ja. Fatar tafin hannuna ta saɓule, ban ji ba sai daga baya. Muka fito da shi baƙi ƙirin tun daga kai har ƙafa, idanu a kafe, jikinsa yana karkarwa, amma yana numfashi.

Injiniya ya iso da gudu, tsoho da shi, yana haki. Ya share wa Ilu baki da hanci da rigarsa, yana ta cewa asibiti, asibiti. Wakilin ɗan kwangila ya ce ba za a kira kowa ba, a sa shi a mota shi zai kai shi da kansa. Kafin motar ta tashi Injiniya ya yagi takarda ya rubuta sunan iskar da lokacin da abin ya faru, ya cusa mini a aljihu, ya nuna mini da hannu cewa likita zan ba. Ko kallon zargi bai yi mini ba a kan hancina. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da muka fita daga tashar sai wakilin ya juyo ya yi mana bayani. In aka je asibiti za a tambayi iƙama, daga nan sai jawazat, daga nan sai a kwashe mu duka, ni da Ilu da duk leburorin. Ya ce ya sha ganin irin wannan, madara za a ba shi ya yi barci, gobe ya tashi garau. Ya sauke mu a Waziriyya ya tafi. Ni kuma na yarda. Ba don na gaskata shi ba, sai don maganarsa ta yi daidai da abin da tsorona yake so ya ji. Ina tsoron kamu, ina tsoron komawa gida hannu wofi, kuma fiye da duka ina tsoron wani mai hankali ya tambaye ni wa ya ce a shiga.

Kwana biyu Ilu yana kwance a ɗakin nan. Na wanke shi da kananzir da sabulu, na ɗura masa madara tana dawowa ta gefen baki, na tofa masa duk addu'ar da na sani. Yakan buɗe ido ya dube ni kamar bai san ni ba, ya koma. Hajiya Batula ta tafi Makka wajen 'yarta, sai a rana ta uku da safe ta dawo. Da ta ji shiru sai ta leƙo, ta ga Ilu, ta tambaye ni tun yaushe. Da na faɗa mata sai ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Ya waladi, ɗan'uwanka ne wannan ko buhun gawayi ka ajiye?" ta ce. "Takarda kake tsoro? To ka tashi ka ɗauke shi, ko ni in kira jawazat ɗin da bakina."

Ita ta tare tasi, ita ta riƙe kansa a cinyarta har asibiti, ita ta yi ta faɗa da masu gadi har aka karɓe shi. Likitan wani Bamisire ne. Na miƙa masa takardar Injiniya, duk ta yi baƙi da mai. Ya karanta, ya dubi kwanan watan da ke kanta, ya dubi kalandar bango, sannan ya dube ni. Ya yi magana a hankali, na tambayi Hajiya me ya ce. Ta ce ba komai, in je in zauna. Har yau ba ta faɗa mini ba, kuma ban sake tambaya ba don na san amsar.

Ilu ya tashi bayan mako uku. Yana tafiya, yana ci, ya san ni, ya san sunan kowace rijiya a ƙasarmu da zurfinta. Amma sabon abu ba ya zama a kansa. Ka gaya masa magana yanzu, kafin ka sha ruwa ta tafi. Tankin kuwa ko kaɗan bai tuna ba. Daga asibiti jawazat suka karɓe mu, aka kai mu gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, inda muka yi wata biyu cikin cunkoso da ƙwarƙwata. Kullum da safe sai ya tambaye ni ina ne nan, in gaya masa, ya ce to yaushe za mu koma aiki. Hajiya Batula ta zo sau biyu da tuwo a kwano, masu gadi suka hana ta shiga, ta tsaya tana surfa musu masifa har suka karɓa suka miƙo mana. Ban sake ganinta ba, Allah Ya saka mata da alheri.

Da muka iso gida labari ya riga mu. Wani ɗan garinmu da ke Jidda ya rubuto cewa Ilu ya faɗi a cikin tankin mai, Sale ya jawo shi da igiya har hannunsa ya saɓule, ya kuma rasa aikinsa, ga shi zai dawo da shi gida. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya, sai dai an fara labarin daga tsakiya. Gwaggo ta kama tafin hannuna tana shafa tabon tana sa mini albarka, ni kuma na bar ta a haka. Ta rasu tana sa mini albarkar nan. Mutanen gari suka yi ta maimaita wa Ilu labarin, a masallaci, a kasuwa, a wajen suna, har labarin nan shi kaɗai ya samu wuri ya zauna a kansa. Ɗansa kuwa sai da ya shekara bakwai kafin uban ya daina tambayar yaron wa ne wannan.

Na fi shekara ashirin ina ɗauke da abin nan. Wata rana bayan la'asar muna zaune ni da Ilu a ƙofar gidansa, na gaya masa komai, da warin da ya ɓace, da maganar Injiniya, da kwana biyun. Ya ce ai ban sake shi ba, ya yafe. Na yi kuka kamar yaro. Washegari da safe ya gan ni ya washe baki ya ce ga wanda ya fito da shi. Na sake gaya masa bayan wani lokaci, ranar kuka ya yi. Wata ranar kuma ya zage ni tas, ya ce in tashi daga ƙofar gidansa. Kowanne kafin gari ya waye ya goge. Sai na gane ina zaɓar mutumin da ba zai iya riƙe maganar ba ne don in ji sauƙi, wannan ma wata dabara ce irin tawa.

Shi ya sa bara na je na samu Dije, wadda ta yi noma ta yi surfe ta riƙe gidan nan ita kaɗai, da miji a zaune. Tana tsince wake a tsakar gida na faɗa mata. Ba ta ɗago ba har na gama.

"Tun ranar da kuka dawo nake sa ka a addu'a bayan kowace salla," ta ce. "Ka bar ni in yi tunani, Malam Sale."

Har yanzu tana tunanin, kuma ba ni da bakin da zan ce ta yi sauri. Ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta kuma hana ni zuwa ba. Ina zuwa kullum in zauna da Ilu, ita kuma in ta ji sallamata sai ta shige ɗaki. Shekaranjiya ya lura. Ya ɗaga murya ya ce, "Dije, ba ki ga Sale ba ne? Kawo masa ruwa mana, shi fa ya fito da ni."

Ta fito da kofin, ba ta miƙo mini a hannu ba, ta ajiye a ƙasa a gabana ta juya. Ilu yana kallona yana murmushi, yana jira in sha. Na ɗauka na shanye.